Sandar Fatsar Baba Barau

"Riƙe min wannan," in ji Baba Barau. Ya miƙo min sandar da yake dogarawa, ya sa hannu biyu ya zaro wata sandar fatsa daga jerin da ke jikin bango. Da ya juyo zai nuna min ita, sai bakinta ya kwashe hulunan da aka rataye a bayanmu, suka zube ƙasa.

"Baba, a hankali."

"Su suka tsaya a hanya."

Mai shagon kayan kamun kifin, wani Bature mai jan gemu da tumbi, ya taho yana tsince hulunansa, ya tambaye mu wane kifi muke nema. Baba ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma in zai yi ciniki sai ya ce a yi masa tafinta, wai hakan ya fi kwarjini.

"Imrana, ce masa maski."

Baba Barau maƙwabcina ne a Germantown, ƙofarmu na kallon tasu a hawa na uku. Mutumin Yawuri ne. Shekaru masu yawa ya yi yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington kafin ya yi ritaya, kuma har a lokacin ko gishiri zai ce a miƙo masa, da muryar labaran duniya yake faɗa. A shekarar 2012 zuciyarsa ta fara gajiya. Likita ya ce kada ya ɗaga abin da ya fi buta nauyi. To, a ɗakin jiran wannan likitan ne ya ga hoton wani mutum rungume da kifi mai tsawon yaro ɗan firamare, baki kamar na kada. Aka ce masa sunansa maski, kuma akwai shi a saman kogin Potomac, tafiyar awa guda daga gidanmu. Ni kuwa aka sa ni cikin maganar ne saboda duk benen motata ce ta fi tsawo.

Mai shagon ya ɗauko wani kifin roba, baƙi mai jan ciki, da doguwar wutsiya da ƙugiyoyi masu baki uku-uku. Ya ɗora wa Baba a tafin hannu, hannun ya yi ƙasa.

"Wannan fa?"

"Wai da shi ake yaudarar kifin. Shi ake jefawa."

"Wannan ne abincin?" Baba ya juya shi. "A garinmu wanda ya kama kamar wannan ai ya gama kamun kifin ranar, sai ya naɗe komarsa ya tafi gida."

Baturen ya ce sandar da Baba ya zaro ta ƙananan kifaye ce, jifa ɗaya da wannan roba za ta karye. Kowace sanda, in ji shi, an rubuta a jikinta nauyin da za ta iya jefawa. Ya fito da guda uku. Ta farko mai rabuwa biyu ce, mara nauyi. Ta biyu ta ɗan fi ta ƙarfi. Ta ukun ƙafa tara ce, ba ta rabuwa, gindinta ya kai kaurin muciya, da dogon mariƙi da ake matsewa a hammata. Ita ce, in ji shi, aka yi don manyan robobi. Ya ƙara da cewa masu neman maski kan ce sai an yi jifa dubu goma kafin a kama ɗaya.

"Ce masa wannan lissafin nasu ne. Ni ɗan Sarkin Ruwa ne."

Na rasa yadda zan fassara, na ce mahaifinsa shugaban masunta ne. Baturen ya cire hularsa ya mayar.

Aka rataya robar a bakin doguwar sandar, aka ce Baba ya ɗaga. Ya ɗaga. Leɓensa ya yi fari, robar tana lilo a gaban hancin mai shago. Baturen ya raɗa min cewa anya dattijon nan yana da lafiya, ko za mu ɗauki ta farkon da ƙaramar roba.

Baba bai jira tafinta ba. Ya amsa masa da Turancinsa na rediyo, sannan ya juyo gare ni. "Ba a zuwa farautar giwa da tsinken sakace. Ɗauko mana babbar."

A mota, gindin sandar yana can baya, bakinta yana tsakanin kunnena da nasa. A gida ta ƙi shiga lif. Muka bi matakala, ta ƙi shan kwana. Ƙarshe sai na hau barandarsu na zuro igiyar shanya, Baba yana ƙasa yana ba da umarni, ina janyowa. Ta kai hawa na biyu kenan na ji murya a bayana.

"Imrana, me kake jawo min cikin gida?"

Hajiya Ɗija ce, matarsa, da ludayi a hannu. Asibiti aka ce mata mun tafi karɓo magani.

"Mama, sandar fatsa ce."

Ta leƙa ƙasa. "Malam! Wannan ne maganin?"

"Shi ne," in ji Baba daga ƙasa. "A riƙa sha sau ɗaya a mako."

Kafin ya hauro, ta zaunar da ni. "Bari in gaya maka, tunda kai ya samu. Ɗan Sarkin Ruwa ne, wannan gaskiya ne. Amma tun yana ƙarami aka ɗauke shi aka kai makarantar kwana, daga nan sai Kaduna, sai nan. Ni dai tunda na aure shi ban taɓa ganin ƙafarsa a cikin kwalekwale ba. Ko tarwaɗa na dafa, sai na cire masa ƙaya."

Duk da haka ba ta jefar da sandar ba. An jingine ta a falo a karkace, daga bayan kujera zuwa saman labule, duk mai wucewa kicin sai ya sunkuya.

Ranar Asabar muka fara gwaji a ciyawar bayan bene. Na cire ƙugiyoyin saboda motocin mutane. Jifan farko, robar ta faɗo a bayansa. Na biyu, zaren ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana, muka zauna muna warwara. A na ukun Allah ya taimake shi, robar ta tashi ta faɗi can kusa da kwandon shara. Baba ya gyara tsayuwa, ya fara naɗe zare, wutsiyar tana wutsil-wutsil cikin ciyawa.

Daidai lokacin Selina ta fito da ɗan karenta. Selina ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Jos, a hawan ƙasa take. Karen bai fi kyanwa girma ba, amma da ya hango abin yana tafiya sai ya fizge igiyarsa, ya dira a kai, ya cafke.

Sandar ta lanƙwashe. Baba ya matse mariƙin a hammata.

"Ya ci! Imrana, ya ci!"

"Baba, kare ne!"

"Na gani! Matsa min!"

"Baba, don Allah ku sake shi!" Selina tana gudu tana kiran karen. Karen ya kafe ƙafafu yana gurnani, Baba yana naɗewa yana sassautawa kamar yadda mai shago ya koya masa, har ya jawo shi gabansa. Daga baranda muka ji Hajiya tana dariya har da tari.

"Barka da arziki, Sarkin Ruwa! A soya ko a yi farfesu?"

Baba ya zauna a kan benci yana haki, fuskarsa a washe. Selina ta kama wuyan hannunsa tana duba agogo, ta harare ni. Robar kuwa, wanki bakwai ya sa na yi mata a bakin famfo kafin ya yarda ta sake shiga gidansa.

Wannan shi ne gwajinmu na ƙarshe. Cikin makon aka kwantar da shi a asibiti, ƙafafunsa sun kumbura. Da aka sallamo shi, 'yarsu Aliyya, wadda ke aiki a Chicago, ta zo ta yi kwanaki. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma da Turancin ta shaida min a bakin ƙofa cewa likitoci sun ce babu sauran abin yi, sai dai a kula da shi a gida.

Wata la'asar na shiga gaishe shi, na tarar da shi a kujera, an rufe masa ƙafa da bargo, yana kallon sandar.

"Hajiya ta gaya maka ban taɓa shiga kwalekwale ba, ko?"

Na sunkuya ina gyara masa bargon.

"Ta gaya maka. Ba ta iya riƙe magana, shi ya sa ban taɓa kai ta gidan rediyo ba." Ya numfasa. "Mu goma sha ɗaya mahaifina ya haifa maza, ni kaɗai ne ban taɓa kawo kifi gida ba. Duk zuwan da na yi hutu sai ya ce, Barau, gobe da asuba za mu fita. Ni kuma in ce sai wani zuwan. Ranar da ya rasu ina cikin situdiyo ina karanta labarin zaɓen wata ƙasa da ko sunanta bai sani ba. Yanzu ga shi zan je in same shi. In ya tambaye ni, me zan ce? Kare?"

Na yi dariya, shi ma ya yi, sai tari ya sarƙe shi. Hajiya tana tsaye a ƙofar kicin. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Imrana," in ji ta, "motarka tana da mai?"

Washegari da hantsi muka zura sandar ta baranda. Hajiya ta cika fulas da shayi, ta ɗauko kujerar naɗewa da barguna biyu, ta shige baya tana faɗa da gindin sandar. Muka hau babbar hanya muka yi arewa. Lokacin kaka ne, itatuwa sun yi ja da rawaya. Dama mai shagon ya kwatanta min wani wuri da ruwa ke da zurfi kusa da gaɓa, kuma mota na iya isa.

Muka zaunar da Baba a bakin ruwa. Ya karɓi sandar, ya yi bismilla, ya yunƙura. Ko daga cinyarsa ba ta tashi ba. Ya sake gwadawa. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Ba shi ya jefa maka mana," in ji Hajiya. "Sarki ai ba ya jifa da kansa."

Haka muka yi. Ni in jefa, in ɗora masa mariƙin a hammata, in tallafi sandar daga gaba, shi kuma ya naɗe. Muka yi ta yi har kafaɗata ta fara ciwo. Muka kamo reshe. Muka kamo wata tsohuwar leda. Hajiya tana zuba shayi tana yi wa kowanne barka.

Rana ta fara karkata, na ce wannan ne na ƙarshe. Robar tana tahowa a hankali, don ƙarfinsa ya ƙare, sai na ga wata inuwa a bayanta. Doguwa, kore-kore, ba ta ko kaɗa jiki. Ta biyo robar har inda ruwan bai kai gwiwa ba. Na ga idon, na ga dogon bakin. Baba ya daina naɗewa. Kifin ya tsaya, kamar mai duba kaya a kasuwa, sannan ya juya a hankali ya koma cikin zurfi.

Sai Baba ya ce, ƙasa-ƙasa, ba da muryar rediyo ba, "Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Gaisuwa ya zo yi. Ya san gidanmu."

"Gungume ne," in ji Hajiya. "Icce ne ruwa ya kawo."

"Icce mai ido?"

"Ni dai icce na gani. Sha shayinka."

Har muka iso gida suna wannan musu.

Bai sake fita ba. Ranar wata Alhamis, bayan ya yi sallar azahar a zaune, ya ce wa Hajiya zai ɗan kishingiɗa. Da ta kawo masa kunu ta tarar ya cika. Ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kanta, ta ce, "Imrana, zo ka gyara wa babanka kwanciya."

Bayan jana'iza gidan ya cika. Tsofaffin abokan aikinsa, da 'yan gida mazauna garuruwan Greenbelt da Manassas, kowa ya zo wucewa sai ya sunkuya wa sandar, har wani ya tambaya ko ta labule ce. Selina ta kawo tukunyar shinkafa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. Maza suna falo, mata suna ɗakin Hajiya.

Da yamma aka aike ni in miƙa ruwan sha ɗakin matan. Na yi sallama na tsaya daga ƙofa. Hajiya tana zaune a kan darduma, matan sun kewaye ta, tana ba su labari.

"Da idona na gan shi," take cewa. "Har gaban Malam ya zo ya tsaya. Kansa kaɗai ya kai turmi. Tsawonsa kuwa..."

Ta buɗe hannuwanta iyakar buɗewa, har mayafinta ya zame. Ta ga bai isa ba, ta ce wa Aliyya ta miƙo nata hannun a ƙara. Sai idonta ya faɗo kaina. Na ajiye ruwan, na ce, "Ya fi haka, Mama."

Ta gyaɗa kai. Hannuwan suka daɗe a buɗe, sannan ta sauke su a hankali, ta ɗora a kan cinyarta.