A Bar Mata Wurin Girma

Shekararta bakwai, amma a gida har yau Kurciya ake ce mata, don in ta ji daɗi magana ba ta fita, sai wani kuka mai sanyi daga maƙogwaro, irin na kurciya a kan katanga. Tun haihuwa ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba, hannun hagu kuma a dunƙule yake. Amma kunne ras, hankali ras. In aka yi zancenta a ɗaki, ko da raɗa ne, sai ta juyo da ido.

Mamanta a gidan burodi take aiki, ita ke zura burodi a leda. Tun Kurciya na goye ta rabu da famfas, don yana ƙona wa yarinyar fata. Ta koma nafkin na wanki, mai aljihu da ake zura ƙyalle a ciki ya shanye fitsari. Wata tela ce a bayan kasuwa ke ɗinka mata, dattijuwa mai tabarau ɗaure da zare, kowa Anti yake ce mata. Duk zuwan da Maman Kurciya za ta yi, ƙyalle iri ɗaya take ɗauka, wani mai kamar soso wanda ba ya rufa shekara yake mutuwa. Anti ta sha nuna mata mai ƙarko. Amsarta ɗaya ce kullum: "Bar shi, Anti. Kafin wannan ya mutu ai ta daina."

Haka shekaru suka yi ta wucewa, ƙyalle na mutuwa, ana sayo sabo.

Sai ga shi Auta, ƙanen Kurciya da bai cika uku ba, ya daina fitsari a wando. Fo ɗin da babansu ya sayo wa Kurciya, mai hannuwa biyu don ta riƙe, shi yaron ya jawo tsakar ɗaki ya hau da kansa. Da ya gama ya miƙe yana tafa wa kansa.

"Mama, ni na girma! Yaya ce jaririya!"

Ba da mugunta ya faɗa ba, har zuwa ya yi ya shafa kan yayar tasa. Amma Kurciya ta juya fuskarta bango, ranar ko ruwa da ƙyar ta karɓa.

Da ranar asibiti ta zagayo, bayan likitar gashin ƙashi ta gama miƙar wa yarinyar ƙafafu, Maman Kurciya ta bi ta har bakin ƙofa ta yi tambayar da ta daɗe tana haɗiyewa. Likitar ta ajiye tawul ɗin hannunta.

"Gaskiya kike so?"

"Ita na zo nema."

"Gashi za mu ci gaba, don yana hana jikin sandarewa. Amma riƙe fitsari, ban ga alamar zai zo ba. Ba laifinki ba ne, ba nata ba ne. Ki shirya wa zama da shi."

Maman Kurciya ta yi godiya, har da durƙusawa, kamar wadda aka ba kyauta. Mijinta direban babbar mota ne, yana kan hanya, ba ta kira shi ba.

Washegari da ta tashi daga aiki ta tura Kurciya a kekenta zuwa shagon Anti. Shagon ƙarami ne, keken ɗinki a bakin ƙofa, yadi jere har rufi, ƙasa duk guntayen zare.

"A'a, 'yar gidana ce da kanta!" in ji Anti. "Na kullum za a ba ku?"

"A'a, Anti. Yau ki baje min duka in gani."

Anti ta dube ta ta saman tabarau. Ta share teburin yanka da hannu, ta jera ƙyallaye, ta ɗebo ruwa a kofi.

"Wannan naki ne, kin san halinsa." Ta tsiyaya ruwa a kan mai kamar soso, ya shanye nan take, ta danna shi da yatsa, ruwan ya dawo waje. "Kamar maƙwabciyata mai gulma yake, saurin karɓa, saurin fitarwa. Ga jariri ba laifi. Amma wadda take wuni a zaune, nauyinta na kansa, dole ya jiƙa mata kujera. Wannan na auduga ne, ba ya cin fata, sai dai cikinsa ƙarami. Wannan na zaren gora, taɓa ki ji laushi. Wannan kuwa," ta ɗago wani mai kauri, launin ƙasa, "na rama ne. Halin marigayiya surukata gare shi, ba fara'a, amma abin da ya shiga cikinsa ba ya fita."

Kurciya ta yi kukanta na jin daɗi, don tana son in Anti na barkwanci.

"Yana daɗewa?" Maman Kurciya ta tambaya.

"Sai kin gaji da ganinsa. Shekaru yake yi, wanki ma ƙara masa kyau yake."

Maman Kurciya ta ɗauke shi ta juya. Kaushi gare shi, ba shi da kyan gani. Tun yarinyar na ƙarama take kauce wa wannan ƙyalle a kan wannan tebur, kamar yadda ake kauce wa gaisawa da wanda aka san mugun labari ya kawo. Yanzu ga shi a hannunta.

Kurciya ta miƙo hannunta mai lafiya, ta ɗora a kan na gora, tana shafawa.

"Kin gani, ta zaɓi nata," in ji Anti. "Sai a haɗa. Mai laushin a sama, wajen fata, na rama a ƙasa ya riƙe. Ke ma kin huta da canjin zanen gado."

"A haɗa."

Anti ta zaro tef daga wuya ta auna yarinyar, ƙugu da cinya. Ta tsaya da tef ɗin a hannu, ta rage murya.

"In yanka daidai jikinta, ko in bar mata wurin girma? Ƙyallen zai kai, in an naɗe bakinsa ana warwarewa a hankali."

"A bar mata."

"Har ina?"

Maman Kurciya ta dubi yarinyar. Ba ta taɓa hango 'yarta budurwa ba. Kullum in ta hango gaba, yarinya take gani a tsaye da jakar makaranta.

Anti ta ce, "Ƙirarki ta ɗauko. Juyo in auna ki."

Ta juya wa Kurciya baya, ta ɗaga hannuwa. Tef ɗin ya zagaye ƙugunta. Hawaye suka zubo ba ta da hannun sharewa, ta cije leɓe don kada yarinyar ta ji. Anti ta gama awon, amma ba ta saki tef ɗin ba, ta ci gaba da riƙe ta a haka, tana surutu da ƙarfi a kan tsadar zare da lalacewar allurar zamani, har sai da kafaɗun matar suka daina rawa.

Ranar da aka gama ɗinkin, ranar Baban Kurciya ya dawo. Ya tarar da kayan a baje kan gado. Ya ɗaga na rama guda, ya warware naɗin, ya ga tsawonsa.

"Wannan na waye?"

"Na 'yarka ne."

"Wannan ai na babbar mace ne."

"Za ta zama babbar mace, Baban Kurciya."

Ta ja shi waje, inda kunnen yarinyar ba zai kai ba, ta gaya masa abin da likita ta ce. Ya tsaya yana kallon takalmansa.

"Likita Allah ce? Ke kin yanke ƙauna kenan. Ki mayar mata da kayanta."

"Ban yanke ƙauna da Allah ba. Amma ka taɓa duba bayanta? Duk ya saɓule saboda zama a jiƙe. Ni na yi mata haka, da ƙyallen da nake saya don in ji daɗin raina. Ba zan mayar ba."

Bai ci abincin da ta ajiye masa ba. Da gari ya waye ya ce akwai lodi, ya tafi, bai ko shiga ya yi wa yaran sallama ba.

Anti ta ce sabon rama sai an wanke shi an sake wankewa kafin ya fara sha. Maman Kurciya ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa. Ranar da ta fara sa wa Kurciya, da safe ta shafa zanen gado ta ji shi a bushe ƙayau. Yarinyar ma ta shafa, ta dubi uwarta, ta yi ta kukan murna, har Auta ya zo yana tsalle bai san dalili ba. Maman Kurciya ta taya su dariya, sannan ta shiga banɗaki ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

Tafiyar Baban Kurciya ta wannan karon ta fi kowace tsawo. Da ya dawo ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ajiye jaka, ya wanke hannu, ya tarar tana shirin canja wa yarinyar. Ya tsaya a bakin ƙofa, can ya matso ya durƙusa gaban gadon. Ya juya 'yarsa a hankali, ya ga inda fatar ta fara warkewa, sabuwa ja-ja. Ya ɗauki ƙyallayen biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Wanne ne a sama?" ya tambaya, bai ɗago kai ba.

"Mai laushin," ta ce.

Ya sa shi a karkace. Ta bar shi ya gama, sannan ta gyara.