Fatar Banjon Madam Dorin

Abu ɗaya Madam Dorin ta roƙa kafin a kai ta gidan kula da tsofaffi: ta sake jin muryar banjon mahaifinta, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Baturiya ce mai shekara casa'in da wani abu, ido ya tafi, amma kunne ras yake. Mahaifin nata yana daga cikin makaɗan da suka yi tashe a gidajen rawa na Landan a zamanin da, kuma tun da ya rasu banjon ke kwance a akwati ƙarƙashin gado.

Anatu ce ke aikin kula da ita a gidanta da ke unguwar Marylebone a Landan, kuma Anatu ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Tana buɗe akwatin ta ga dogon mariƙi, da tsirkiya biyar, da fata a ɗaure a kan zagayayyen katako, sai ta ce a ranta, to wannan da me ya bambanta da gurmi? Ranar Asabar ta ɗauko maƙwabcinta Baba Awal daga unguwarsu ta Old Kent Road. A ƙuruciyarsa ya kaɗa gurmi a filin kokawa, kuma har yau ba ya bari kowa ya manta.

Baba Awal ya juya banjon, ya leƙa cikinsa, har da shinshinawa. Mamaki ya cika shi sosai.

"Anatu, tambayar min ita, a ina ubanta ya samo gurmin masu kuɗi?"

Madam Dorin ta ce ita dai ta ji mahaifinta yana cewa baƙaƙen fatar Amurka ne suka fara kaɗa shi, da ƙwarya suke yin nasu.

"Ƙwarya?" Baba Awal ya gyara zama. "To ai magana ta ƙare. Namu ne ya je yawon duniya ya dawo da kwat."

Ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai ta ba da wani sauti luɓus kamar an bugi katifa. Damshin Landan ya saki fatar. Abin da duk makaɗin gurmi zai yi shi Baba Awal ya yi, wato ya nemi wuta. A gida garwashi ake kara fata a kai ta ɗame. Nan babu garwashi, don haka ya wuce kicin ya kunna gas.

"Baba, a yi a hankali, za su yi sacking ɗina, su kore ni daga aiki fa!"

"Haba 'yata, yau na fara?"

Ai ko bai rufe baki ba sai ji suka yi fau! Fatar da ta girme shi ta dare tun daga wannan gefe har wancan.

Anatu ta dafe kai. Baba Awal ya tsaya riƙe da banjon. Suka dawo falo sumui-sumui, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba.

Madam Dorin ta riga ta karkato kunne.

"A kan wuta ya ɗora shi?" ta tambaya.

Anatu ta amsa da ƙyar, ta fara ba da haƙuri. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta tsai da ita.

"Wa ya koya masa? Haka babana yake yi, a kan murhun kicin. Duk lokacin sanyi sai ya fasa fata ɗaya, mamata ta yi ta masifa, ni kuma ina ƙarƙashin tebur ina dariya."

Da Anatu ta fassara, Baba Awal ya ce, "Ikon Allah! To shi kuma wa ya koya masa?"

Madam Dorin ta miƙa hannu aka ɗora mata banjon a cinya, ta bi tsagar da yatsa a hankali. Ta soma dariya, can kuma dariyar ta koma kuka, kukan kewa sosai irin na yarinya.

"Kiɗansa na manta tuntuni," in ji ta. "Amma wannan ƙarar, ina jin ta sai na zaci shi ne zai fito daga kicin."