Ranar da Jirgi Ya Kaɗe Meshak

Hanyar gonar cittar su Afiniki ta riga filin jirgin zuwa. Da wani kamfani ya shimfiɗa ɗan filinsa a gindin duwatsun Kagoro, sai titin saukar jirgin ya ratsa ta tsakiyar hanyar. Aka kafa wata na'ura mai jiniya, aka ce ko kaza ce ta hau titin za ta yi kuka, a gargaɗi matuƙi.

Ta kuwa yi ta kuka, don awakin gari ba sa rabuwa da wurin. Ma'aikata suka gaji da ƙararta, suka kashe ta.

Wata safiya mijinta Meshak ya ɗauro buhunan citta a bayan mashin. Bai ji jiniya ba, sai ya shiga ƙetarawa kamar kullum. Jirgin da ke sauka ya kaɗe shi. Kafin Afiniki ta iso da gudu, an lulluɓe shi da zanen wata mata.

Manajan filin, Oga Osita, ya tare ta. "Madam, sai haƙuri. Injinmu lafiya lau yake, maigidanki ne ya shiga inda ba a shiga."

"In lafiya yake, me ya hana shi kuka?" in ji ta.

Ya kau da kai.

Ran biso, fasto na tsakiyar addu'a a bakin kabari jirgin ya sake wucewa ta kansu. Dole ya yi shiru, jama'a suka tsaya jira ƙarar ta wuce.