Kati a Rigar Jaririya

Bango ɗaya ya raba ɗakin shafa gam da ɗakin ajiye jarirai a kamfanin takalman, kuma bangon bai kai rufi ba.

Kowace ma'aikaciya tana da ƙaramin kati a ƙirji, an jiƙa shi da wani rini. Idan aka tashi aiki sai a sa shi ƙarƙashin fitilar na'ura. In ya haska kore, lafiya lau. In ya dushe, tururin gam ya yi wa mai shi yawa. Oga kuwa ya ce duk wadda katinta ya dushe ba ta iya rufe gwangwanin gam ba ne, ta tafi gida. Shi ya sa matan suke naɗe katunansu a leda tun safe, su kwance dab da tashi.

Mai Jego, wadda ta dawo aiki wata biyu bayan haihuwa, ta lura 'yarta tana barcin da ya wuce hankali, nono ma sai an girgiza ta. Ran nan ta cire ledar, ta maƙala katin a rigar jaririyar, ta koma bakin aiki.

Da la'asar katin ya ƙi haskawa ko kaɗan.

"Ranka ya daɗe, ba a jikina ya wuni ba," ta ce wa Oga. "A rigar 'yata na sa. Iskar ɗakin yaran ce."

Oga ya juya katin. "Lambar wa ke nan?"

"Tawa."

"To, 'yar taki na ɗauka aiki? Ta zo ta sa hannu mana." Magatakardansa ya fashe da dariya, Oga ya ci gaba: "Ajiye rigarmu, ƙofa na can."

Ta goya 'yarta ta tsaya a bakin ɗakin yaran, inda iyaye mata ke layi.

"Yaya, don Allah kada ki kawo naki gobe," ta ce wa ta gaba, wadda suka shekara uku a teburi ɗaya.

"In kai shi ina? Gidanki?" Matar ta ture ta da kafaɗa. "Kin ja za a rufe mana ɗakin, sarkin wayo. Matsa."

Ba a rufe ba. Washegari da ta zo karɓar takardar sallama, jarirai tara ne a jere kan tabarma, ba mai ko motsi. Mai raino tana ta yabon su, wai ba ta taɓa ganin yara masu haƙuri irin waɗannan ba.