Inda Inna Ta Maida Alwalarta

Jaka ɗaya, takardar digiri, carbin Maryam, da tsiro a gwangwanin madara. Abin da na riƙo ke nan a motar Abuja. Mun wuce Kateri, gwangwanin na tsakanin ƙafafuna.

Shekara tara na yi ina karatu a Amman. Can na auri Maryam, can na binne ta. Tsiron nata ne. Ba ya tashi sama, shimfiɗuwa yake a ƙasa, ganyensa fari mai laushi kamar an shafa masa azurfa. Ita ta koya mini rainonsa: rana sosai, yashi da tsakuwa, ruwa sau ɗaya a mako, kada kuma ya taɓa ganyen.

Na dasa shi a tsakar gidanmu a Makera, jikin katanga. Kafin rani ya ƙare ya kai faɗin darduma. Inna, mahaifiyata, ta tambaya ko ana miya da shi. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa ya ɗashe haka kamar mara jini? Na ce haka Allah ya yi shi. Ban faɗa mata na wace ce ba. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Na tafi Zariya neman aiki, na yi sati uku. Da na dawo, tsakiyar tsiron ta yi baƙi, tana wari. Na ja reshe ɗaya, ya biyo hannuna, saiwar ta ruɓe. A gefe ga 'yar kujerar Inna, ga butarta.

Ta fito daga kicin tana goge hannu. Ashe ƙanwata Nafisa ta gaya mata tsiron na Maryam ne.

"Ban ga gawarta ba, ban san kabarinta ba," in ji Inna. "Da na ji nata ne, sai na dawo da alwalata nan. Sau biyar, ban taɓa fashi ba. Ai ruwan alwala ba ya cutarwa, ko?"

Na dubi ƙasar, jagab take.

"Ba ya cutarwa, Inna."

Reshe biyu ne suka tsira, can inda ruwan bai kai ba. Na yanke su, na cika gwangwanin da busasshen yashi, na dasa su, na kai tagar ɗakina. Na rufe ƙofa.

Ba zan gaya mata ba. Bari ta ci gaba da alwalarta a can. Wannan, ni kaɗai zan ba shi ruwa.