Dunƙulen Ulu

Dunƙulen ulun ya tsallake kan Gunvor karo na huɗu, ya faɗa hannun wata sabuwar malama. Ta rungume shi, ta ce ita kam yau zuciyarta ta buɗe, sannan ta mayar wa Pontus.

"Madalla," in ji Pontus, yana lumshe ido.

Shi ne mai horaswar da ƙaramar hukuma ta ɗauko daga Stockholm, babban birnin ƙasar, ya koya wa malamai da ma'aikatan laburare yadda ake yi wa yara adalci a karatu. Dokarsa ɗaya ce, kuma tun da safe ya yi alfahari cewa har shi ta hau: ba mai magana sai wanda ke riƙe da dunƙulen. Mutum goma sha tara ne a da'ira, takalmansu jere a bakin ƙofa. Safar Pontus hoton ayaba ne a jikinta.

Shekara talatin da ɗaya Gunvor ta yi a laburaren garin. Batu na ƙarshe a jerin ranar ita ya shafa: a kwashe kantar littattafai ta can ƙasa, ta mujallun tarakta da injin yankan katako da kamun kifi, a sa littattafai arba'in da kwamiti ya zaɓa. A gaban kantar nan 'ya'yan masu saran itace da 'ya'yan Somaliyawan sabuwar unguwa ke kifa ciki su yi karatu kai da kai, ba wanda ya sa su.

Majvor, malamar aji uku, ta raɗa mata, "Ke tsohuwa, an kusa binne taraktocinki."

"Wa zai binne? Wannan da ko kyanwa bai taɓa raino ba?"

Pontus ya ɗaga dunƙulen. "Mujallun nan ba su wakiltar kowa da kowa. Zagaye na ƙarshe. In ba mai ja, mun yi ittifaƙi ke nan."

Aka shiga jifa. Na amince. Na amince. Shugaban makaranta ya amince har sau biyu. Da dunƙulen ya iso hannun Majvor, sai ta yamutsa fuska, ta ɗora shi a cinyar Gunvor.

"Riƙe mini, ƙawata. Sanyin ƙashin nan ya motsa."

Uku saura minti ashirin. Gunvor ta riƙe dunƙulen gam. Ta buɗe jaka, ta zaro kwarashi, ta lalubo bakin zaren, ta fara saƙa.

Pontus ya buɗe baki, ya tuna dokarsa, ya rufe. Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Gunvor ta yi masa murmushi, ta ci gaba da aikinta. Manya goma sha takwas suka zuba wa safarsu ido. Kowannensu gara a ce gobara ta tashi da ya ce wa dattijuwa ta miƙo abin da ke hannunta a gaban jama'a.

Wani ya yi tari. Dunƙulen sai raguwa yake.

Ƙarfe uku daidai ƙanshin kofi da burodin kirfa ya shigo daga zaure. A garin nan, shan kofi na ƙarfe uku ba a taɓa sa shi jira ba, ko a ranar jana'iza. Kujeru suka ja baya. Shugaban makaranta, ba tare da ya dubi kowa ba, ya rubuta a allo cewa an ɗage batun zuwa horon baɗi.

Pontus ya zo yana duban agogo, jirginsa na uku da rabi ne.

"Gunvor, ban so in takura miki ba, amma zaren nawa…"

"Sannu a hankali, ɗana. Har yanzu ni ke da magana." Ta leƙa ayabar da ke ƙafarsa, ta ɗaga abin da ta saƙa ta gwada daga nesa. "Bar mini adireshinka. Zan aiko maka da safa. Irin ta manya."