Sharaɗin Baba Tsirkiya

Ina kan keke ina ɗinka wuyan riga na ji wani abu ya daki ƙarfen matattakala, ya saki dogon nishi kamar saniya. Na leƙo. 'Yan dako biyu ne ke ƙoƙarin sauka da wata ƙatuwar ganga. Baba Tsirkiya kuwa, maƙwabcina da ƙofarsa ke kallon tawa, ya jawo kujera ya tare bakin ɗakinsa, robar iska a hanci, sanda a gicciye bisa cinya.

"Ku mayar da ita inda kuka ɗauko ta," in ji shi. Muryar ba ƙarfi, amma suka tsaya cak.

Ɗansa ne ya kawo su, wanda har ya fara furfura uban bai daina kiransa Auta ba. Ranar aka sallamo tsohon daga asibiti. Likita ya ce huhun ya gama aikinsa, a tafi da shi gida a lallaɓa. Auta ya gyara masa ɗaki a gidansa, yana so a kwashe tarkacen nan a mayar wa mai gidan haya makullinsa. Ya durƙusa yana lallashi, ya ce ƙurar katakon nan ce ta cinye masa ƙirji, ga hawan bene, ga ba mai kwana da shi.

Baba ya ce shi bai ga tarkace ba, kayan mutane ya gani.

Gaskiyarsa kuma. Gyaran kayan kiɗa ne sana'arsa, unguwarmu kuwa ta baƙi ce, kowa daga ƙasarsa ya zo da abin kiɗan gidansu a ƙasan akwati. In ya tsage ko tsirkiya ta tsinke, sai wurin Baba. Wasu in an gyara sai su bar masa ajiya, don ɗakunansu ba wuri, ko don 'ya'yansu na yi musu dariya. Bai taɓa wahalar da harshensa da sunayen kayan ba, dangantaka yake ƙulla musu. Wannan gwaggon goge ce da ta yi aure a ƙasar sanyi. Waccan jakar fata mai bututu, algaita ce mai juna biyu. Akwai wata 'yar ganga da yake kira ƙanen kalangu da bai iya magana ba.

Ya ce ba inda za shi sai kowane ya koma hannun mai shi. Kuma ba mai fita da nasa sai ya buga a gabansa ya ji.

"Baba, likita ya ce hutu da shiru," in ji Auta.

"Shiru na nan tafe, ɗana, mai yawa. Ba sai ka zo mini da shi a mota ba."

Auta ya sallami 'yan dakon, ya fito ya same ni idonsa jawur. Ya ce, Yaya, ki yi masa magana, ke yake ji. Na ce masa shekarun da na yi a benen nan ban taɓa ganin Baba ya ji maganar kowa ba, gara mu aika a kira masu kayan.

Haka aka yi. Suka riƙa zuwa bayan an tashi aiki. Direban motar shara ya hura jakar nan tasa har gilashin taga ya ɗauki rawa. Wasu 'yan'uwa biyu masu wanki suka zauna a ƙasa da gangunansu, suna bugawa da 'yan yatsu, sauri kamar ruwa a kan kwano. Wani mai gadi ya busa sarewar gora, ya kasa ƙarasawa, ya juya fuskarsa bango. Baba na kwance a jingine da matasai, idonsa rufe, yana gyara musu. Ya ce wa direban ya bar gaggawa, ba shara yake kwasa ba.

Mai gidan haya ya hawo yana haki, ya ce mutanen ƙasa sun kawo ƙara, nan ba gidan rawa ba ne. Baba ya buɗe ido ɗaya.

"Ka kai ni kotu, ranka ya daɗe. Amma ka ce su hanzarta."

Mutumin ya tsaya yana kallon tukunyar iskar da ke gefen gado. Sannan ya juya ya sauka.

Ɗakin ya yi ta raguwa, shi ma yana raguwa. Abinci ya koma cokali biyu. Da aka zo kan wani abu mai dogon wuya da ƙaramin ciki, aiki ya tsaya, domin ba a gama gyaransa ba. Na Mai Burodi ne, wata bazawara da ke gasawa a kusurwar layi, wadda ta tsallako teku da mijinta, shi ya rasu ya bar mata wannan. Fatar cikin ta yage, hannun Baba kuma ya daina riƙe ko kofi.

Ya ce in kawo allurata mafi kauri. Na ce ni tufafi na sani. Ya ce fata ma rigar wani ce. Na zauna ina ɗinki yana nuna mini da haɓa. Ana buƙatar mai riƙe wuyan, ba kowa sai Auta. Ya naɗe hannun rigar ofis ya riƙe, uban na faɗa masa ya sassauta, ba ɓarawo ya kama ba. A nan na fara jin dariyar Auta.

Da Mai Burodi ta zo, garin fulawa a gefen zanenta, ta ce ita ba ta iya ba, mijinta ne makaɗin. Harshenmu bai gama zama a bakinta ba, da hannu take ƙarasa magana. Baba ya ce sharaɗi sharaɗi ne, wadda ta zauna da makaɗi ba ta rasa abin da ya maƙale mata a kunne. Ta taɓa tsirkiyar, sautin ya fito a karkace. Ta sake. Can sai ta bar bugun ta kama waƙa da harshensu, ƙasa-ƙasa, tana jijjiga abin a ƙirjinta. Ba wanda ya san me take cewa. Baba bai gyara mata komai ba.

Washegari da hantsi Auta ya ce, to Baba, an gama, mu tafi gida. Tsohon ya nuna ƙarƙashin gado. Auta ya jawo wani tsohon goge a naɗe cikin tawul, ya tambayi na wane ne wannan kuma.

"Mai shi bai gama da shi ba."

Muka tayar da shi zaune. Ya cire robar hancinsa da kansa, Auta ya kai hannu, uban ya harare shi har ya janye. Ya ɗora gogen a cinya ya ja izgar. Sautin na rawa, amma ya ja ta har ƙarshe, ya dawo da ita, ya sake ja. Sannan ya ce a kwantar da shi, kada a ɗauke gogen. Kafin rana ta karkata ya cika, Auta na riƙe da ƙafarsa.

Bayan an yi masa sutura mutane sun watse, na kai wa Auta shayi. Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da gadon. Ya tsinci gashin izga guda ɗaya maƙale a maɓallin rigar uban, yana naɗa shi a yatsa, yana warwarewa. Na ajiye kofin kusa da gwiwarsa, na jawo masa ƙofa.